Yadda ake ɗaukar hoton fure da waya, a kuma gano sunansa, a garin Legas

Shekarata ta farko a Agege duk wata shukar ado sunanta ɗaya a wurina: fulawa. Ta jikin katangun Ikoyi fulawa, ta cikin baƙaƙen ledojin da ake jerawa a bakin hanyar Lekki zuwa Epe fulawa, ta tsakiyar shataletale ma fulawa. Abin da ya buɗe mini ido wata shuka ce a tukunyar siminti a ƙofar wani gida, gindinta a kumbure kamar tulu, rassanta gajeru masu kauri, furenta ruwan hoda. Na tsuguna ina ɗaukar ta da waya, sai maigadin gidan, wani dattijo mutumin ƙasar Sakkwato, ya leƙo ya ce, "Ɗana, me kake nema a jikin kariya?" Na ce, "Baba, wannan kariya ce?" Ya ce, "Ita ce fa, a nan ne ta samu tukunya. Ka dai kiyaye kada ruwanta ya taɓa maka ido." Da na koma gida na saka hoton a manhajar gano sunan tsirrai, ta ba ni Adenium obesum. Tun daga ranar nake bin furannin garin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na fi so mai farawa ya riƙe shi ne: hoton da ake ɗauka don kyau daban yake da hoton da ake ɗauka don shaida. Duk shukar da ka tsaya a gabanta, ka ɗauki iri biyun kafin ka tashi.

Kaya ba su da yawa. Wayarka, ƙyalle mai laushi, farin kwali kamar girman littafin rubutu, biro, da lema. Ƙyallen ya fi komai muhimmanci. Wayar da ta wuni a aljihu cikin gumin Legas gilashin kyamararta ya riga ya yi maiƙo, shi ke sa hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hazo. Goge shi kafin kowane ɗauka. Idan daga cikin mota mai na'urar sanyi ka fito, gilashin zai yi raɓa saboda laimar iska, sai ka ba shi minti biyu ya bushe da kansa. Akwai ɗan gilashin kusa da ake maƙala wa waya, ana samunsa a Computer Village da ke Ikeja, amma ka bari sai hannunka ya faɗa tukuna.

Sai lokaci. A Legas rana tana fitowa tsakanin shida da rabi da bakwai kusan duk shekara, kuma daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe tara shi ne lokacin da ya fi. Haske bai yi kaifi ba, iska ba ta tashi ba, furen bai sha rana ya yi yaushi ba. Wasu ma ba su da wani lokacin sai wannan: furen Hibiscus, wannan babba mai dogon tsinke a tsakiya, yawanci wuni ɗaya yake yi, ya buɗe da safe, zuwa dare ya naɗe. Da rana tsaka inuwa takan yi baƙi ƙirin, wurin da hasken ya buga kuma ya ƙone fari fat. Da yamma haske yana da kyau daga ƙarfe biyar, sai dai iskar teku ta riga ta taso, reshe ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ranar da gari ya yi lumshi, hadari ya rufe rana bai zubo ba, kada ka zauna a gida kana cewa babu haske. Wannan shi ne hasken da masu hoto suke nema, domin gajimare ya tace shi, launi yana fita yadda yake. Daga Afrilu zuwa Yuli irin waɗannan ranakun sun yi yawa, haka ma Satumba da Oktoba. A hunturu kuma, Disamba da Janairu, ƙura takan kwanta a kan ganye, sai ka ɗan yayyafa ruwa ka jira ya tsane.

Idan dole da rana za ka ɗauka, buɗe lema ka yi wa furen inuwa gaba ɗaya, har da abin da ke bayansa idan zai yiwu. Lemar ta zama fara ko baƙa, domin mai launi tana rina furen da launinta. Fitilar kyamara kuwa kashe ta.

Yanzu ka zo gaban furen. Kada ka yi saurin ɗaga waya. Zagaya shukar ka zaɓi furen da bai tsufa ba, ƙwaro bai ci gefensa ba. Sannan ka sauko daidai tsayinsa. Yawancin hotunan fure da ba su yi kyau ba daga tsaye aka ɗauke su, ana kallon ƙasa, shi ya sa bayan furen yakan zama yashi da ledar ruwa da bakin kwata. Da ka tsuguna, sai bayansa ya koma koren ganye ko sararin sama. Ka duba kusurwoyi huɗu na fuskar wayar kafin ka danna: wayar lantarki, bokiti, tayar mota, duk abin da ba ka so ka matsa taku ɗaya hagu ko dama ya fita. Kuma gwargwadon nisan bango daga furen, gwargwadon yadda zai narke ya bar furen shi kaɗai. Furen da ke bakin reshe, ya yi nesa da katanga, ya fi wanda ya manne da ita.

Taɓa furen a fuskar waya da yatsa, a daidai tsakiyarsa inda ƙurar fure take, don kyamara ta san shi kake nufi. A yawancin wayoyi idan ka danna ka riƙe na daƙiƙa biyu, saitin zai kulle, ba zai riƙa tsalle zuwa ganyen baya ba. Kusa da inda ka taɓa za ka ga alamar rana ko ɗan layi, da shi ake ƙara haske ko ragewa. A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, musamman da jan fure. Ixora, wannan gajeriyar shukar da ake yin shinge da ita a gaban bankuna da makarantu, furenta cunkus ne na ƙananan furanni masu kunne huɗu-huɗu. Idan ka bar waya ta yi yadda take so, sai ta mayar da su jan dunƙule guda, ba a rarrabe wannan da wancan. Ja layin nan ƙasa kaɗan, har sai ka ga kowane ɗan fure ya fito da iyakarsa. Haka farin fure da ruwan ɗorawa. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya gyara shi daga baya, wanda ya ƙone kuwa ya tafi ke nan.

Kusanci yana da iyaka. Babbar kyamarar yawancin wayoyi ba ta iya gani garau idan ka matso ƙasa da faɗin tafin hannu, wajen santimita 10. Idan ka ga hoton ya yi dishi-dishi, ja da baya kaɗan har ya washe, daga baya ka yanke gefen. Jawo hoto da yatsu biyu ba ya ƙara komai, faɗaɗa shi kawai yake yi, sai dai idan wayarka tana da kyamara ta biyu ta nesa, mai alamar 2x ko 3x. Ita wannan tana da amfani sosai ga furen bishiya mai tsawo. Ka kashe duk wani saiti na ƙawata hoto, domin yana canza launi, launin kuwa shaida ne. Saitin da ke dusashe baya shi ma ka yi hankali da shi, yakan cinye siraran tsinkayen fure ya ɗauka bango ne.

Hannu yana rawa, reshe yana rawa. Manna gwiwar hannunka a jikinka, ko ka dafa gwiwa, ka riƙe numfashi lokacin dannawa. Iska tana zuwa ne tana lafawa, ka jira lafawar. Ka ɗauki biyar ko shida a jere, ɗaya zai fita. Farin kwalin nan yana aiki biyu: ka tare iska da shi, ko ka riƙe shi ta gefen da ya yi duhu ya mayar da haske cikin furen. Furanni masu zurfi kamar kakaki sun fi buƙatar wannan.

To, wannan hoton kyau ke nan. Kada ka tashi, saura na shaida, kuma a nan zan daɗe domin na sha wuya a kansa.

Akwai wani ruwan ɗorawar fure mai kamar bakin kakaki da na gani ya leƙo ta saman wata katanga a Ikeja. Furen kaɗai na ɗauka, ya cika hoton, babu ganye ko ɗaya. Manhaja ta ce Allamanda. Na nuna wa wani mai sayar da shuka a bakin titi hoton, ya ce akwai, ya ba ni wata a leda, na kai gida na dasa a tsakar gidan da muke haya, inda yaran maƙwabta suke wasa. Ta girma, ta yi ruwan ɗorawar fure, sai kuma ta fara 'ya'ya kore masu kusurwa, girman ƙaramin lemon tsami. Wata rana na tarar da wani yaro ya tsinko ɗaya yana jujjuya shi a hannu. A daren na ɗauki ganyen da ɗan da furen na sake bincike, sai ga Cascabela thevetia, wadda tsofaffin littattafai ke kira Thevetia peruviana. Ƙwallon cikin ɗanta guba ne mai taɓa zuciya, yana kisa. Washegari da asuba na tumɓuke ta. Kama da wane ba ta wane, kuma da na ɗauki ganye tun farko da ban kai ga haka ba, domin bambancin a fili yake. Ganyen Allamanda yana da faɗi da sheƙi, yana fitowa uku ko huɗu a gaɓa ɗaya, sun kewaye karan. Na ɗayar siriri ne dogo, bai kai faɗin yatsa ba, yana fitowa ɗaya-ɗaya.

Saboda haka ga abin da za ka ɗauka. Shukar gaba ɗaya daga nesa, a ga ko bishiya ce, ko mai yaɗo, ko gajeriya mai cunkoso. Furen ta gaba, yadda za a iya ƙirga kunnuwansa. Furen ta gefe da ta baya, inda ya haɗu da karansa, domin masana sukan fi duba nan fiye da fuskar. Reshe guda da ganyensa, a ga yadda suke zaune: biyu-biyu suna fuskantar juna, ko ɗaya-ɗaya suna hawa kamar tsani, ko a kewaye. Ganye ɗaya ta sama da ta ƙasa, da gefensa, ko sumul ne ko mai haƙora kamar zarto. Idan akwai 'ya'ya ko kwanso ko ƙaya, kada ka bar su. Bishiya kuma ka haɗa da ɓawonta. A ɗaya daga cikin hotunan ka ajiye biro a gefen ganye, ko katin cirar kuɗi wanda tsawonsa santimita 8 da rabi ne, ka juya shi yadda lambarsa ba za ta fito ba. Ba tare da ma'auni ba, babu mai sanin ko furen girman tsabar gero ne ko girman faranti.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta ɗauka. Rubuta shi nan take a waya: ƙamshi ko rashinsa, ko ganyen yana da gashi ko kaushi, wuri da kwanan wata, a rana take ko a inuwa, a tukunya ko a ƙasa. Idan akwai inda ganye ya karye, duba ruwan da ya fito, fari ne kamar nono ko garau. Duba da ido, ba da yatsa ba, balle harshe.

Ka kuma lura da abin da kake kira fure, wani lokacin ba shi ba ne. Bougainvillea, mai yaɗon nan mai ƙaya da ke lulluɓe katanga da shunayya ko ja, ta fi yin ado da rani, abin da ke ɗauke da launin nan ganye ne siriri kamar takarda. Ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya, uku-uku suke zama. Daga Kudancin Amurka aka kawo ta, sunan kuma na wani shugaban jirgin ruwa ne ɗan Faransa da ayarinsa suka same ta a Brazil a shekarun 1760. Haka Mussaenda, wadda jan nau'inta ɗan asalin Afirka ta Yamma ne: manyan jajayen nan da ke reto ba su ne furen ba, furen yana tsakaninsu ƙarami kamar tauraro. Ka matsa ka ɗauki ƙaramin.

Sai manhaja. Uku nake amfani da su, kowace da halinta. Google Lens ta fi sauri, amma hoto take kwatantawa da hotunan intanet, sau da yawa sunan 'yan kasuwa take kawowa. Ta isa ta ba ka bakin zare. Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka yi, ita na fi yarda da ita. Takan tambaye ka wane sashe ne wannan, ganye ko fure ko ɗa ko ɓawo, kuma tana karɓar hotuna da yawa na shuka ɗaya a lokaci guda. Ka ba ta fure da ganye tare, ka ga yadda amsar take canzawa. Wani abu da ke ɓatar da masu farawa: manhajar tana da rukunin tsirran yanki-yanki. Idan ka tsaya a rukunin Afirka ta Yamma kana neman sunan shukar ado, za ta iya laluba maka mafi kama a cikin na gida, alhali galibin furannin lambunan Legas baƙi ne. Ixora daga Indiya da Sri Lanka take, Allamanda daga Brazil, Plumeria mai ƙamshin nan daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, Delonix regia kuma, babbar bishiyar da ke yin ja kamar gobara a ƙarshen rani, daga Madagaska. Don haka ka zaɓi rukunin duniya baki ɗaya. Ta uku iNaturalist, wadda aka fara a Amurka a 2008. Ita mutane ne ke duba hotonka su tabbatar ko su gyara, sai dai haƙuri, wani lokacin kwana da kwanaki. Idan shukar dasa ta aka yi, akwai wurin da za ka nuna hakan, ka nuna. Idan kuma a gidan wani ka ɗauka, ka ɓoye ainihin wurin a taswira.

A Pl@ntNet kowace amsa tana zuwa da maki cikin ɗari. Ko makin ya yi sama, ka ɗauke shi a matsayin zato. Buɗe sunaye ukun farko, ka ajiye hotonka kusa da nasu, ka bi abu ɗaya-ɗaya: zaman ganye, yawan kunnen fure, siffar ɗa, launin ruwa. Idan abu ɗaya ya saɓa ƙarara, ba ita ba ce. Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta farko gidan, ta biyu ita kanta shukar. Idan ka tabbatar da ta farko kaɗai, ka rubuta ta ka tsaya, babu laifi. Furannin ado da yawa an yi musu aure da juna har an samu launuka barkatai, masana ma a gidan suke tsayawa. Don sanin asalin shuka da sunan da ake yarda da shi yanzu, shafin Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila kyauta ne.

Bahaushe yana da wata riba a nan da ba kowa ya lura da ita ba: ya riga ya san dangin da yawa daga cikinsu tun daga gida. Ka kalli furen Hibiscus da kyau, ka tuna furen kuɓewa da na rama da na yakuwa, kunne biyar da tsinke a tsakiya. Dangi ɗaya ne. Kariya da Allamanda da Plumeria da waccan da na tumɓuke, duk dangin tumfafiya ne, kuma galibinsu ruwansu abin kiyayewa ne. Gajeriyar nan mai ƙaya da ƙananan jajayen furanni da ake sawa a tukunya, Euphorbia milii, 'yar'uwar tinya da aguwa ce, farin ruwanta yana ƙona ido kamar nasu. Delonix kuma ka dubi dogon kwansonta, ka tuna ɗorawa da tsamiya. Idan idonka ya saba da dangi, za ka riƙa gane kuskuren manhaja kafin ka gama karanta amsarta. Sunayenmu ma an daɗe da rubuta su: wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, ya jera su da sunayensu na kimiyya. Amma sunan gida shi ma yana iya hawa kan shuka biyu. Ciyawar da ke toshe hanyar kwalekwale a ruwan Legas, mai shunayyar fure da ɗigon ɗorawa a kunnen sama, za ka ji ana ce mata kainuwa. Kainuwar da muka sani a kududdufi ita ce Pistia, mai kama da latas. Ta ruwan Legas kuwa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta ɓullo ta wajen Badagry a 1984.

Mai ƙananan yara ya ƙara da wata guda a cikin waɗanda zai gane da ido: Dieffenbachia, mai faffaɗan ganye kore da zanen fari, wadda ake ajiyewa a falo da ofis. Wanda ya tauna ta, baki da maƙogwaro suna kumbura. Kuma duk abin da manhaja ta faɗa, ba a jiƙa shukar ado a sha, ba a ba akuya.

Matambayi ba ya ɓata. Masu kula da lambun gidaje a Ikoyi da Victoria Island da Lekki, akwai 'yan Arewa da yawa a cikinsu, sun san wadda ke son rana da wadda ruwa ke kashewa, ko da ba su riƙe sunan boko ba. Masu sayarwa a bakin titi suna da sunayen kasuwa, ka rubuta, amma ka gwada shi da ganye kafin ka biya. Idan abu ya gagara, sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Legas da ke Akoka yana da ma'ajiyar busassun tsirrai, haka Cibiyar Binciken Gandun Daji ta ƙasa da ke Ibadan.

Wurin koyo kuwa, fara da inda babu mai tsare ka: lambun Ndubuisi Kanu da na JJT a Alausa, Muri Okunola a Victoria Island, Freedom Park a titin Broad. Wurin adana namun daji da tsirrai na Lekki, wanda aka kafa a 1990, ya fi dacewa da mai son tsirran daji na gida. Wasu wuraren ana biyan kuɗin shiga, wasu suna da ƙa'ida kan babbar kyamara, ka tambaya a ƙofa. A unguwa kuma, kada ka ɗaga waya ka nufi katangar mutane ba sallama. Ka je wurin maigadi ka gaishe shi, ka ce, "Baba, furen nan ne ya ba ni sha'awa, ko zan iya ɗauka?" Ka nuna masa hoton bayan ka ɗauka, ya ga babu ƙofa babu lambar gida a ciki. Kusa da bariki da ofishin 'yan sanda da banki kuwa, ka bar furen ya sha iska. Ka kuma lura da bayanka a bakin titi, kada hankalinka yana kan fure wani ya fizge wayar.

Da ka dawo gida, a ranar ka tace. Goge waɗanda suka yi dishi-dishi, ka buɗe wa kowace shuka jakarta, da suna da wuri da wata. Wadda ba ka gano ba ka sa mata sunan siffarta, misali "farin fure mai ƙamshi, Obalende, Yuni". Idan za ka tura wa wani ya duba maka ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi, gashin ganye da jijiyoyinsa su ɓace. Sannan ka sa ranar komawa. Shukar da ka samu da fure kawai a Mayu, ka sake leƙa ta bayan wata biyu ko uku, wataƙila ta yi 'ya'ya ko kwanso, ka ɗauka ka zuba a jakarta ka sake gwadawa.